Malam-buɗe-littafin da fataucinsa ke kai mutum gidan kaso: me doka ta ce?

Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya same ni a zaure da magariba, waya a hannu. "Kawu, wai da gaske ne ana ɗaure mutum a kan malam-buɗe-littafi?" Na ce da gaske ne. A 2007 wata kotun Amurka ta yanke wa wani ɗan Japan ɗaurin wata 21 saboda fasa-ƙwaurinsu. Dariya ya yi, don a nan Maradi da zarar damina ta kankama su ne fal a gonar wake, yara na binsu da gudu, ba wanda ya taɓa neman takarda.

Wanda ake magana a kai ba irin namu ba ne. A ƙasar Papuwa Sabuwar Gini yake, cikin kurmin lardin Oro kaɗai, kuma duk duniya babu malam-buɗe-littafin da ya kai shi girma. Tamatar, mai ruwan ƙasa da ɗigon fari, idan ta buɗe fukafukai tana kai santimita 25, ta fi taƙin babban mutum. Namijin bai kai ta ba, amma ya fi ta ado, shuɗi da kore suna walƙiya. Baturen Ingila Albert Meek ne ya fara samo ta a 1906, kuma da bindiga ya harbo ta saboda can ƙololuwar itatuwa take tashi. Har yau tana ajiye a gidan tarihin halittu na Landan, da hujojin harsashi a fukafukanta. Sunan sarauniya Alexandra ta Ingila aka sa mata.

Matakai uku ne ke kare irin wannan halitta, kuma mutane na yawan cakuɗa su.

Na farko shi ne Jan Kundi na UICN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, wadda hedkwatarta ke Suwizalan. An soma shi a 1964. Kundin nan ba doka ba ne, babu alƙalin da zai ɗaure ka da shi. Aikinsa kamar na likitan da ya duba maras lafiya ya rubuta yadda ciwo ya kai. Aji tara gare shi. Akwai wanda ya ƙare ƙurmus, da wanda ya ƙare a daji sai a hannun mutane. Sai aji uku na waɗanda ke cikin barazana: na bakin kabari, na cikin haɗari, da mai rauni. Ragowar su ne wanda ya kusa shiga barazana, wanda ba a damu da shi ba, wanda bayanansa ba su isa ba, da wanda ba a duba ba tukuna.

Ba da ka ake sa halitta a aji ba, awo ake yi. Idan manyan da suka isa haihuwa ba su kai 250 ba, ta shiga ajin haɗari. Idan ba su kai 50 ba, tana bakin kabari. Ana duba yawan raguwarta cikin shekara goma ko zuriya uku. Ana kuma duba faɗin ƙasar da take zaune: ƙasa da murabba'in kilomita 5,000, ga muhallin ya rarrabu yana kuma ci gaba da lalacewa, shi ma haɗari ne. Awon ƙasa ya fi dacewa da ƙwari, don wa zai ƙirga malam-buɗe-littafi ɗaya bayan ɗaya a cikin kurmi? Na sarauniya Alexandra yana ajin haɗari. Ungulun da dattawanmu suka saba gani dirshan a mahauta, ita tana bakin kabari tun 2015, wato ta fi shi shiga uku a kundin, ko da yake mu ba mu ɗauke ta a bakin komai ba.

Mataki na biyu shi ne mai haƙora: yarjejeniyar CITES ta fataucin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, wadda aka sa wa hannu a Washinton ranar 3 ga Maris 1973, ta fara aiki 1 ga Yuli 1975. Nijar ta shiga a cikin 1975 ɗin, yanzu ƙasashe fiye da 180 ne a ciki. Jeri uku gare ta. Abin da ke jeri na ɗaya an hana kasuwancinsa tsakanin ƙasashe. Ko don bincike za a kai shi, sai da takardar izini biyu, ta ƙasar da zai fita da ta ƙasar da zai shiga. Jeri na biyu ana saye da sayarwa, amma sai ƙasar da ya fito ta ba da izini, bayan masananta sun tabbatar fitar da shi ba zai karya irin ba. Jeri na uku kuwa ƙasa ɗaya ce ke roƙon sauran su taya ta sa ido a kan wata halittarta.

Kuma yarjejeniyar ba ta bambanta rayayye da matacce. Busasshen malam-buɗe-littafi da aka kafe da allura cikin gilashi, ko fata, ko gashin tsuntsu, ko ƙaho, duk hukuncinsu ɗaya. Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Aku mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda ake kawowa daga kudu, an mayar da shi jeri na ɗaya a taron Johannasbag na 2016. Wanda ya ɗauko shi daga Jibiya ya nufo Ɗan Isa don sayarwa, ko ya sani ko bai sani ba, kayan da aka hana ya ɗauko, kuma 'yan duwan da ma'aikatan gandun daji suna da hurumin ƙwace shi.

Sai dai CITES a kan iyaka kawai take tsaye. Abin da ke faruwa cikin ƙasa, dokar ƙasar ce ke da shi, mataki na uku ke nan. A Nijar doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ce ta tsara farauta da kare namun daji, ita ta sa raƙumin dawa da ayu cikin waɗanda ba a taɓawa sam. Itatuwa da dazuzzuka kuma doka 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004 ce ke riƙe da su.

A ganina nan ne labarin malam-buɗe-littafin ya fi ba da haushi. Tun 1987 yake jeri na ɗaya, amma ba 'yan fasa-ƙwauri ne babban maƙiyinsa ba. Tsutsarsa ganyen wata 'yar kurangar daji kawai take ci. Aman wutar dutsen Lamington a 1951 ya cinye wani yanki babba na kurmin, sannan gonakin kwakwar manja da masu yankan katako suka bi sauran. Wanda ya share hekta dubu ya dasa kwakwa bai ƙetare iyaka da komai ba, saboda haka yarjejeniyar ba ta da abin faɗa masa. 'Yan'uwansa da ke jeri na biyu kuwa, ƙauyawa kan dasa musu kurangar su yi kiwonsu su sayar da izini, wasu masana ma suna ganin da an bar wannan a jeri na biyu da mutanen wurin sun sami dalilin tsare masa daji. Gardamar ba ta mutu ba.

Yaron ya ce, "To Kawu, wanda ya shiga kundin yana fita kuwa?" Yana sauya aji. Raƙumin dawanmu ya sauko daga haɗari zuwa mai rauni a 2018, kuma a watan Nuwamba na shekarar aka ɗauko guda takwas daga yankin Kure aka kai gandun Gadabeji, nan arewacin jiharmu. Ya ce bai taɓa zuwa ba. Na ce ya bari hutu ya zo.