Mene ne ma'anar "Express" a jikin katin memori?

Tun da kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar gem ta hannu Switch 2 a ranar 5 ga Yunin 2025, wadda katin memori nau'in microSD Express kaɗai take karɓa don ajiye gem, kalmar ekspres ta shiga bakin masu sayar da kayan waya a Damagaram ta ƙi fita. A tallar rediyo sai ka ji an ce an sauke "memori ekspres mai gudun tsiya." Ka shiga Kasuwar Dole neman kati, yaron shago ya ciro maka wanda ya daɗe rataye a ƙusa har kwalinsa ya koɗe, ya ce, "Alhaji, wannan ekspres ne." Ka ce da me ya gane, ya nuna maka inda aka rubuta Extreme. Ai duk da E da X suka fara.

Aikin katin memori kowa ya san shi, ba sai na tsaya a nan ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da kalmar kirari, ana liƙa wa duk katin da ake so a tsuga wa kuɗi.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. A wurinmu ekspres maganar teloli ce. Sallah ta matso ka kai shadda, tela ya ce layi ya yi tsawo sai dai in ekspres kake so, ka ƙara kuɗi ya tsallake da kai. Keken ɗinkin bai canza ba, zaren bai canza ba, hannun ma shi ne dai. Sauri kawai ka saya. Da wannan fahimtar muka tunkari kati, muka ɗauka kati ne irin na kullum da ya ɗan fi ƴan'uwansa hanzari. To a nan ƙirar ce gaba ɗaya daban.

Kalmar daga cikin kwamfuta ta fito. A 1992 kamfanin Intel ya ɓullo da wata hanya mai suna PCI, wadda sassan kwamfuta ke bi su aika wa juna bayanai. Matsalarta ita ce hanya ɗaya ce kowa ke rabawa, in wannan yana aikawa sai wancan ya jira. A 2003 aka kawo magajiyarta, PCI Express, inda kowane sashe yake da layinsa shi kaɗai. A kan wannan hanyar ma'ajiyar SSD ta kwamfutocin yanzu take gudu, da wani tsarin aika saƙo da ake kira NVMe. Ƙungiyar SD Association, wadda Panasonic da SanDisk da Toshiba suka kafa a 2000 don tsara ƙa'idojin katunan nan, ita ta ɗauko hanyar ta cusa ta cikin kati: SD Express a 2018, sai ƙaraminsa microSD Express a Fabrairun 2019. Wato Express ɗin da ke jikin kati guntun sunan PCI Express ne, kuma katin kansa ƙaramar SSD ce mai girman farce. Katin da muka saba da shi, na tsarin UHS-I, iyakarsa bisa ƙa'ida mega 104 a daƙiƙa. Na Express ƙa'idarsa ta farko ta kai mega 985, ko da yake a aikace ba ya cika wannan adadi, kuma yana ɗaukar zafi in aiki ya yi yawa.

Ana iya ganin bambancin da ido. Juya katin wayarka: jeri ɗaya ne na ƴan haƙora takwas masu ruwan zinariya. Na Express yana da jeri na biyu a ƙasansu, ta nan sabuwar hanyar take bi. Amma kada jeri biyu kaɗai ya ruɗe ka, don katin UHS-II na masu kyamara shi ma jeri biyu gare shi, kuma Switch 2 ba ta karɓarsa. Abin dubawa shi ne haruffan EX kusa da tambarin microSD a fuskar katin.

Su Extreme da Ultra da Pro fa? Sunaye ne da kamfani ya raɗa wa hajarsa, babu ƙa'idar da ta ɗaure su. Masu ƙa'ida su ne ƙananan alamomin nan da ba wanda ke karantawa. Lamba 10 cikin da'ira tana nufin katin ba zai gaza rubuta mega 10 a daƙiƙa ba. U3 da V30 mega 30 ke nan. A1 da A2 kuma awon yadda yake tsinto ƙananan bayanai ne a warwatse, abin da gem ya fi buƙata. Kati zai iya tara duk waɗannan a fuskarsa kuma bai zama Express ba. In ka sa shi a Switch 2, hotuna da bidiyon da ka ɗauka a tsohuwar Switch kawai za ka iya kwasowa, gem ba zai zauna a kansa ba.

Ɗaya gefen ruɗanin ya ma fi ba ni haushi, domin shi ke cinye kuɗin iyaye. Yaran garin nan galibi ba Switch 2 ke hannunsu ba. Ƴan ƙananan na'urorin nan ne na China masu cike da tsofaffin gem, sai mai tsohuwar Switch ta 2017, sai jefi-jefi mai Steam Deck. Duk waɗannan ba su da ramin da ke taɓa jeri na biyu. Katin Express zai yi aiki a cikinsu, amma zai koma gudun UHS-I, ka biya kuɗin saurin da na'urar ba ta san da shi ba. Su abin da ya dace da su kati ne na sanannen kamfani mai A1 ko A2. Musamman na China: katin da suke zuwa da shi sau da yawa ba shi da ko suna, kuma ba ya jimawa, gara a kwafe abin da ke ciki zuwa kati mai inganci tun bai mutu da gem ɗin ba.

Hujjar Nintendo ba ƙarya ba ce, manyan gem na yanzu suna buƙatar saurin. Amma ni dai ban ga abin tafi ba. Katin nan ya yi shekara shida kusan babu mai waiwayarsa, sai da aka tilasta shi sannan kasuwarsa ta buɗe, kuma ya fi na kullum tsada sosai a girma ɗaya. An ce Switch 2 tana da giga 256 a cikinta, gaskiya ne, ta ninka giga 32 na tsohuwar sau takwas. Sai dai da yawa daga gem ɗinta ana sayar da su a wani irin kaset da mabuɗi kawai ke ciki, sai ka sauke gem ɗin daga intanet ya cinye maka wuri. Wanda ya tsara haka bai taɓa sayen data a nan ba, balle ya ga an ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa.

Su kuma haruffan EX, mai buga jabu ba zai gagara buga su ba, kamar yadda ake buga giga 512 a kan katin da bai kai 16 ba. Saboda haka in Switch 2 gare ka, tafi da ita shagon a sa katin a gabanka. In ba Express ba ne, da kanta za ta faɗa a allo. Ka tafi da data a wayarka kuma, domin karon farko da aka sa mata irin wannan kati sai ta sabunta manhajarta ta intanet kafin ta yi aiki da shi.