Kuɗin ko-ta-kwana a gida: nawa za a ajiye, a ina, kuma don me?

Tun bayan wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, magidanta da yawa suka shiga shakka: a bar komai a banki ne, ko a riƙa ɓoye wani abu a ɗaki? Ra'ayina shi ne a ajiye, amma kaɗan, bisa lissafi, kuma cikin sirri. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Kuɗina na banki, katina na aljihu, wayata na hannu. Me zai sa in ajiye tsabar kuɗi a gida?

Saboda kafin kuɗin da ke banki su zama tuwo a kwano, sai abubuwa da yawa sun yi aiki lokaci guda. Sai da wuta, sai da sabis, sai na'urorin bankin suna lafiya, sai mai POS yana da tsabar kuɗi, sai kuma mai kayan miya ya yarda da tiransifa. Ɗaya daga ciki ya tsaya, mai miliyan a asusu zai iya kwana da yunwa.

Mun gani da idonmu. A ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokaci, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Bankin ya ce daga cikin kusan naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasa, kimanin tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kai tsofaffin kuɗi, sababbin kuma ba su wadatu ba. Ana yin asuba a bakin ATM, a wuni a layi, a dawo hannu rabbana. A wasu wurare sai ka bar dubu biyu wa mai POS kafin ya ba ka dubu goma. Tiransifa kuma ta cushe: an cire maka kuɗi, mai shago bai ga alat ba, kuna tsaye kuna kallon juna. Sai da jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, sannan aka fara numfasawa.

Kuma ba canjin kuɗi kaɗai ke rufe hanya ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Makonni aka yi babu kira, balle tiransifa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gabar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna da dama suka ƙi buɗewa. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu, cajin waya kansa ya zama aiki. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun ɗanɗana nasu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumi ya sa cire kuɗi daga banki ya yi wuya.

Amma a 2023 ai waɗanda suka tara kuɗi a gida su ma sun sha wuya?

Ƙwarai kuwa, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Manomin da ya sayar da amfanin gona ya cusa kuɗin a buhu, da ɗan tireda da ba shi da asusu, su ne suka fi shiga tashin hankali da wa'adi ya matso. Wasu a ƙauyukansu babu reshen banki ko ɗaya, sai sun yi doguwar tafiya zuwa birni ɗauke da kuɗi. Dattawa sun tuna irin haka ta taɓa faruwa a watan Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canja launin naira, aka ba da 'yan kwanaki kaɗan a canja, aka rufe iyakoki.

Abin da wannan ke nunawa shi ne bambancin ajiyar ko-ta-kwana da ɓoye dukiya. Wanda ya ajiye kuɗin cefanen mako biyu, ko an ce gobe za a daina karɓarsu, zai kashe su a kasuwa kafin yamma. Wanda ya binne jarinsa gaba ɗaya shi ne ke cikin haɗari.

To nawa ya kamata a ajiye?

Babu adadi ɗaya da zai dace da kowa, amma akwai hanyar lissafi. A zauna, maigida da uwargida, a rubuta abin da gida ba zai iya yi babu shi ba: cefane, ruwa, gawayi ko gas, kuɗin mota ko man babur, kuɗin tara na yara, da maganin wanda ke shan magani kullum kamar mai hawan jini ko ciwon suga. Kuɗin haya da na makaranta ba sa ciki, domin waɗannan ana iya neman uzuri a biya ta banki in hanya ta buɗe. Sai a ninka abin da aka samu na kwana ɗaya sau goma sha huɗu, a ɗora kuɗin da zai kai mara lafiya asibiti cikin dare a buɗe masa kati a sayi maganin farko.

A ɗauki misalin gidan da ke kashe naira 5,000 a rana. Mako biyu ya kama 70,000. In aka ƙara 30,000 saboda asibiti, an samu 100,000. Gidan da ke da mai juna biyu da ta kusa haihuwa ya kamata ya ƙara, haka wanda ke zaune a garin da sabis ke yawan ɗaukewa ko banki ke da nisa.

Na san akwai wanda zai karanta wannan ya ce shi abin da zai ci yau yake nema. Gaskiya ne, kuma su ne mafi yawa. Irin wannan ya fara da na kwana biyu ko uku, ko da ɗari biyu ɗari biyu ne yake jefawa a asusun katako. Dubu biyar a hannu tsakar dare, yaro na zazzaɓi, ba ƙaramin abu ba ne.

Me zai hana in ajiye fiye da haka, tunda ina da hali?

Tsadar kaya. Kuɗin da ke kwance a akwati kullum raguwa suke yi ko ba a taɓa su ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024. Ma'ana, wanda ya ɓoye 100,000 shekara guda kafin nan, da ya fito da su abin da 74,000 ke saya a da shi kawai za su saya masa. A kan ƙaramar ajiya, wannan asara ce da za a iya jurewa saboda kwanciyar hankalin da take kawowa. A kan miliyoyi kuwa ɓarna ce. Ga kuma ɓarawo, wanda shi ne babbar damuwata.

Waɗanne irin takardu ne suka fi?

Ƙanana. Ranar da kuɗi suka yi wuya canji ne ke fara ɓacewa, ka miƙa wa mai kayan miya dubu ɗaya ya ce ba shi da canji. A haɗa 'yan ɗari biyu, ɗari biyar da ɗari, da ɗan abin da ya samu na hamsin, sannan 'yan dubu-dubu saboda asibiti. A zaɓi masu kyau, ba yagaggu ko waɗanda aka liƙe ba.

A ina za a ɓoye, kuma wa ya kamata ya sani?

Nan ne aka fi yin kuskure. Ƙarƙashin katifa, cikin matashin kai, saman wadrob da aljihun babbar riga, duk ɓarawo nan yake fara dubawa. Ba zan lissafa wuraren da suka fi ba, domin wurin ɓuya da aka rubuta kowa ya karanta ya tashi daga wurin ɓuya. Kowa ya san gidansa. Abin da zan ce shi ne a raba kuɗin kashi biyu, kada a haɗa su wuri ɗaya.

Ba mutum kaɗai ke cin kuɗi ba. Gara na cin su, ɓera na yayyaga su, danshin damina na ruɓar da su, domin daga naira 100 zuwa 1,000 duk takarda ce, 'yan biyar zuwa hamsin ne kawai na leda. A naɗe su a leda mai kauri, a sa a gwangwani ko roba mai murfi, a ɗaga daga ƙasa, a nesanta da kicin da wayoyin wuta. Ya zama kuma wurin da hannu zai kai cikin sauri. Mutanen Maiduguri da ambaliyar madatsar Alau ta tasa cikin dare a watan Satumban 2024 ba su samu lokacin haƙa rami ko neman makulli ba. Yana da kyau katin ɗan ƙasa da muhimman takardu su kasance kusa da kuɗin, a ɗauka gaba ɗaya.

Batun sani kuwa, mutum biyu sun isa. Wasu mazan kan ɓoye wa matansu, ni kuwa ina ganin wannan ya rushe amfanin ajiyar tun daga tushe. Sau da yawa larura na zuwa ne maigida yana kasuwa ko ya yi tafiya, wani lokacin ma shi ne a kwance. In matar gida ba ta san inda kuɗin suke ba, wa aka ajiye wa? Bayan su biyun nan, kada yara su sani, kada 'yan aiki su gani, kada a yi zancen a majalisa ko a teburin mai shayi. A yankunan da ake fama da masu garkuwa da mutane, kowa ya san yawancin ɓarnar da masu kai labari ake yin ta. Jita-jitar cewa wane yana ajiye kuɗi a gida ta fi rashin kuɗin haɗari.

In bankin ne ya durƙushe gaba ɗaya fa?

Yana faruwa. A ranar 3 ga Yuni 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. Amma akwai hukumar inshorar ajiya ta NDIC, wadda a shekarar ta ɗaga abin da take lamuncewa zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankunan kasuwanci, da miliyan 2 a ƙananan bankuna. Da ta tashi biyan mutanen Heritage, ta bi lambar BVN ta tura wa masu asusu a wani bankin kuɗinsu. Wanda gobara ko ɓarawo ya cinye masa ajiyar ɗaki kuwa babu hukumar da za ta biya shi. Don haka manyan kuɗi banki ya fi musu, kuma a buɗe asusu a bankuna biyu daban. Kuɗin gida aikinsu su riƙe ka kafin a warware.

Doka ta hana ajiye kuɗi a gida ne?

Ajiye halaliyarka a ɗakinka ba laifi ba ne. Abin da dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta taƙaita shi ne biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ga mutum ɗaya ba tare da an bi ta banki ba. Ajiyar da muke magana ba ta kusa da nan. Ta fuskar addini kuma, a tuna kuɗin gida ana haɗa su da na banki wajen lissafin zakka in dukiya ta kai nisabi ta shekara.

Yaya zan hana kaina cinye su?

A yi yarjejeniya tun farko a kan abin da ake kira larura: rashin lafiya, tafiyar gaggawa, ko ranar da banki da POS suka ƙi. Anko, gudummawar biki da ragon suna ba sa ciki, domin ana sanin zuwansu tun da nisa. In an taɓa, a mayar da zarar albashi ya shigo ko an kwashi adashi. Duk bayan wata uku a buɗe a duba, a kashe tsofaffin takardun a sa wasu, a sake lissafi tunda farashin mudu ba ya tsayawa.

Kuma ba lallai duk shirin ya zama na takardar kuɗi ba. Buhun masara ko gero a ɗaki, galan na mai, da maganin wata guda ga mai ciwon da ba ya jira, suna rage yawan kuɗin da za a buƙata a hannu. Haka kyakkyawar mu'amala da mai shagon unguwa: a lokacin wahalar 2023 gidaje da yawa bashi suka ci a shago, kuma waɗanda aka sani da biya a kan lokaci su aka fara ba wa.