Me ake nufi da cèilidh?

Cèilidh, ana furta ta "keli", kalma ce ta harshen Gelik na tsaunuka da tsibiran yammacin Sikotland, kuma asalin ma'anarta ziyara. A da, idan hunturu ya kama, dare ya yi tsawo, maƙwabta kan taru a gida ɗaya su kewaye murhu. Ana tatsuniya da kacici-kacici da waƙa, mata na kaɗi da saƙa, maza na gyaran koma. Daga baya ne rawa ta mamaye sunan, har yau mutumin birni in ya ji kalmar, zauren rawa yake tunani. Dattijon tsibiri kuwa har yanzu yana iya nufin leƙa maƙwabci kawai.

A bukukuwan ƙauye ma'anonin biyu suke haɗuwa. Irin wannan biki sunansa fèis, kuma na farko a wannan zamani an yi shi a tsibirin Barra a 1981 domin koya wa yara kiɗa da waƙa da harshen kakanninsu. Da rana darasi, da dare cèilidh.

Makaɗan ba su da yawa: mai goge, mai akodiyon, wani lokaci da mai ganga. Sai mai kira, wanda ke bayyana takun kowace rawa kafin a fara, don baƙo ma ya shiga fili.

Ɗauki rawar Strip the Willow. Maza layi, mata layi, suna fuskantar juna. Biyun farko su saƙala gwiwar hannun dama su yi ta juyi har taku 16. Daga nan macen ta bi layin maza, ta juya da kowane namiji da hannun hagu, tana komawa wurin abokin rawarta da dama tsakanin kowane ɗaya. Dama ta abokinka ce, hagu ta sauran jama'a. Wanda ya manta wannan shi ke hargitsa layi. Kuskure na biyu shi ne riƙo da yatsu maimakon gwiwar hannu, domin gumi na sa hannu ya suɓuce, mutum ya ci da baya. Takalmi mai tsini ma a bar shi gida.

Idan makaɗi bai zo ba, ba a fasa. Akwai puirt à beul, wato kiɗan baka: mawaƙi ya rera baituka masu sauri, ƙafafu su bi muryarsa.