Tsohuwar Kujera a Sito: A Gyara ko a Yar?

Wani maƙwabcina da zai tashi ya fitar da wata kujera mai hannu ƙofar gida, yana shirin a faskara ta a yi girki. Na roƙa ya ba ni. Shekara huɗu ta yi a sito kafin na gyara ta a bara, kuma tun daga lokacin masu zuwa gidana ke yi mini waɗannan tambayoyi.

Ta yaya zan gane ta cancanci a kashe mata kuɗi?

Kada yagaggen yadi ya ruɗe ka, katakon za ka duba. Ɗaga ta ka ji nauyi, sannan ka kama hannuwan ka jijjiga. Idan mahaɗa ce kawai ta saki, wannan aikin gam ne da 'yan ƙusoshi, domin hunturu na busar da katako har ya tsuke. Amma idan ka ga ƙananan ramuka da gari kamar na tuwo yana zuba, ƙwari sun ci cikinta. Soka tsinin ƙusa: in ya nutse ba wahala, haƙura. Tawa maɗaci ce, jan katako mai nauyi, irin wanda yau da wuya ka samu a kujerun da ake jerawa bakin titi. Wannan kaɗai ya sa na ƙi rabuwa da ita.

Kuɗin cizo fa?

A tsakar gida za ka kwance ta, ba a ɗaki ba. Zubar da tsohon soso baki ɗaya, ka kwarara tafasasshen ruwa a lungunan katakon, ka bar shi ya bushe sarai. Zafin da ya kai digiri 50 na kashe su har da ƙwayayensu. Kar a fesa fiya-fiya a abin da yara za su zauna a kai.

Daga ina ake fara kwancewa?

Daga ƙasa, sai baya, sai hannuwa, wato abin da aka sa a ƙarshe shi ke fara fita. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Babban kuskuren da ake yi shi ne yayyaga tsohon yadi a jefar. A cire shi a hankali, a rubuta wa kowane ƙyalle sunan wurinsa, domin a kansa za a yanka sabon. Cire tsofaffin ƙusoshi ne ya fi cin rai. Ni yini biyu ya ɗauke ni.

Wane soso, wane yadi?

Nan ne ba a rowa. Soso mai araha wata shida ya isa ya lotsa. Na mazauni ya zama mai tauri, kaurin inci 4 ko 5, na jingina kuma mai laushi. Matsa shi da hannu: mai kyau nan take yake dawowa. A ƙarƙashinsa kafintocinmu kan saƙa robar tsohuwar taya, kuma tana da ƙarko in an ja ta da kyau.

Yadi kuwa, kujera ɗaya kan ci yadi 5 zuwa 7 na mai faɗi, ya fi haka in yana da zanen da sai an daidaita. Atamfa na da kyau a ido, amma ba ta jure goga. A nemi yadin kushin mai kauri, a kuma guji ledar roba in ɗakin na da zafi, don tana ɓarewa.

Zan iya da kaina?

Kwancewa, goge katako da shafa banish, kowa zai iya. Jan yadi ma ana koya: a kafa shi a tsakiyar kowane gefe, a riƙa ja zuwa kusurwa. Ɗinkin matashi da lanƙwasar hannuwa ne na kai wa mai gyaran kushin na unguwarmu, na zauna kusa da shi ina kallo har ya gama.