Ziyarar Gidan Tarihi na Kanta a Argungu: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin wuri ne wannan gida?

Tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce. An gina ta a 1831, sarakuna suka zauna a cikinta har 1942, sannan aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi ranar 1 ga Yulin 1958. An sa mata sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Kayan tarihin suna cikin sassa 11, kuma a harabar gidan ake binne sarakuna. Daga Birnin Kebbi tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota.

Ana cewa kayan yaƙi ne suka cika shi. Me mai son tarihin sana'o'i zai gani?

A nan mutane da yawa suke yin asara. Sai su dubi takobi su ce "na yaƙi ne", su wuce. Alhali kowane takobi aikin hannun mutum biyu ne ko uku: maƙeri ya ƙera ruwansa, baduku ya ɗinka kubensa, majemi kuma shi ya fara gyara fatar. Ku matsa kusa da kan mashi, za ku ga sawun masaba bai daidaita ba, wani wuri ya lotsa, wani ya tashi. Alamar ƙirar hannu ke nan, ƙarfen da aka narko daga tama, aka gasa da gawayi da zugazugi. Fatar kube da ta layu da bagaruwa ake jeme ta, jan launinta kuma daga karan dafi yake. Ganga ma haka: masassaƙi ya fafe icen, wani ya ɗaura fatar.

To kayan su, wato kamun kifi, fa?

Su ne zuciyar garin, don Kabawa da ruwa aka san su. Ku nemi a yi muku bayanin homa da gora. Homa koma ce ta hannu, ana riƙe biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a ware su cikin ruwa a haɗe kan kifi. Gora kuwa aiki biyu take yi: masunci ya kwanta a kanta ta ɗauke shi, kifin da ya kama kuma ya jefa ta bakinta. Da su ake shiga kogin Matan Fada a bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934, UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016.

Me ya sa ake hana taɓa kaya?

Gumin hannu yana da gishiri da maiƙo, yana jawo wa ƙarfe tsatsa daidai inda yatsa ya sauka. Tsohuwar fata kuma ta bushe da hunturun shekaru, lanƙwasawa ɗaya sai ta tsage, ba ta kuma ɗinkuwa. Kada a jingina da bango, ginin ƙasa ne, yaɓensa yana zuba.

Hoto fa?

A nemi izini tukuna, musamman wajen kaburbura. Can a sassauta murya, a yi wa mamata addu'a.

Yaya malami zai shirya kawo ɗalibai?

Ya aika takarda kafin ranar, don a tanadi mai yi musu jagora. Ɗakunan tsohuwar fada ba su da faɗi, saboda haka a raba yara rukuni-rukuni, kada kowane ya wuce 15, in ba haka ba na baya ba za su ji komai ba. A ba kowane yaro sana'a ɗaya, ƙira ko dukanci ko sassaƙa ko su, ya rubuta kaya uku da suka fito daga hannun masu ita, da abin da aka yi su da shi. A zo da safe kafin rana ta take, da ruwan sha. A kuma guji makon biki, cunkoso ba ya barin a tsaya a yi tambaya.