Yunwa da Zakka a Arewacin Kamaru: Tambayoyi da Amsoshi

Ina matsalar yunwa ta kai a yau?

Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023, wato ɗaya cikin 11 a duniya, a Afirka kuwa ɗaya cikin biyar. A yankinmu dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Rikicin Boko Haram ya raba manoma da gonakinsu, sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo yana ɗauke da 'yan gudun hijirar Najeriya tun 2013, sannan ambaliyar 2024 ta cinye gonaki a Yagwa da kewaye.

Me shari'a ta ɗora wa manomi?

Idan hatsinsa ya kai nisabi, wato sa'i 300, zai fitar da ushiri, kashi ɗaya cikin goma, muddin ruwan sama ne ya raya shukar ko laimar ƙasa, kamar masakwa, wato dawar da ake dasawa a karkarar Marwa bayan ruwa ya janye. Wanda ya yi ban-ruwa da inji, ya sayi mai da kuɗinsa, rabin haka ne a kansa.

To me ya sa yunwa ba ta sauka duk da ana fitarwa?

Nan ne gizo ke saƙa. Zakkar hatsi da kaka ake fitar da ita, lokacin da kasuwa ta cika, kwano ya yi arha, talaka ma yana da ɗan abin da ya girba. Yunwa kuwa tsakiyar damina take cizo, daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da rumbu ya koma ƙura, uwargida tana karkaɗe buhu don ta haɗa kunun yara, maigida kuma ya bar gonarsa ga ciyawa ya tafi ƙodago a ta wani. Ba a jinkirta zakkar da ta wajaba, amma babu abin da ya hana mai hali ya ware buhu biyu na sadaka ya ajiye su domin waɗannan watanni. A ganina, kwano ɗaya a Agusta ya fi uku a Nuwamba amfani.

Ana iya aika zakka wata ƙasa?

A mazhabar Malikiyya ana raba ta ne inda ta wajaba, sai in wani wuri ya fi tsananin buƙata. Halin 'yan Sudan da suka kwararo gabashin Chadi ta garin Adre tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 yana iya shiga wannan babi, amma a fara duba unguwa tukuna, domin mai kunyar roƙo ba ya zuwa ƙofar masallaci.

Maƙwabcin da ba Musulmi ba fa?

Zakkar farilla tana da masu ita, kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, malamai kuma sun keɓe rabon fakirai da miskinai ga Musulmi. Sadakar ganin dama ba ta da wannan iyaka, ana ba duk wanda yunwa ta kama.