Ku daina tsoratar da yara da allura

Iyaye, don Allah ku saurare ni. Babu ranar rigakafin da za ta wuce a nan Damagaram ban ga yaro ɗan shekara biyu ko uku yana ihu yana turjiya tun daga bakin ƙofar asibiti ba, alhali ko taɓa shi ba a yi ba. Wani ma ba don shi aka zo ba, ƙanensa aka kawo awo, shi ɗan rakiya ne. Da ya hango farar riga sai jikinsa ya ɗauki ɓari, wani har fitsari ya kufce masa. Mu da ke wannan aiki mun san inda abin ya samo asali, daga gida ne. "Yi shiru ko in kai ka likita a yi maka allura." "Cinye tuwon nan ko in kira malama ta tsira maka." Har a kan idona ake yi, uwa ta nuna ni da yatsa ta ce wa ɗanta, "Ga ta nan, in ba ka zauna ba yanzu za ta soke ka."

Haba ƴar uwa! Ni da kika kawo mini ɗanki don in taimake shi, ni ce kuma kika mayar dodo?

Yaro ba ya zuwa duniya da tsoron farar riga, koya masa ake yi. Masana sun daɗe da gano yadda abin ke shiga. Wani masani ɗan Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci, ya lura cewa karnukansa na fara dalalar da miyau da jin takun mai kawo musu abinci, tun abincin bai iso ba. Abu biyu in suka riƙa zuwa tare, jiki sai ya ɗaure su wuri guda. A 1920 kuma John Watson da Rosalie Rayner a Amurka suka gwada haka a kan wani jariri da bai cika shekara ba. Da farko yana wasa da farin ɓera ba fargaba. Sai suka riƙa buga ƙarfe da ƙarfi a bayan kansa duk sanda aka kawo ɓeran. Ba a yi haka sau da yawa ba, jaririn ya koma yana fashewa da kuka da ganin ɓeran kawai, kuma tsoron ya tsallaka har zuwa zomo da riga mai gashi. Yau ba wanda zai yarda a yi wa jariri wannan gwaji, zalunci ne. Amma ku duba da kyau, abin da muke yi wa ƴaƴanmu ke nan a tsakar gida, safe da yamma, ba da niyyar mugunta ba. Kin ɗaure fuska, kin daka tsawa, kin ambaci allura. Gobe haka, jibi haka. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To shi yaronki tsumman nasa ya zama farar riga, da warin asibiti, da cokalin magani, har da ma'aunin da muke ɗora shi a kai.

Na san abin da za ku ce: "Ai malama yana aiki, nan take yake yin shiru." Gaskiya ne, yana yin shiru. Wannan shirun shi ne tarkon, kuma ke uwa ya kama. B. F. Skinner, wani Ba'amurke da ya yi ta gwaji da ɓeraye da tantabaru tun shekarun 1930, ya nuna cewa duk aikin da lada ya biyo bayansa nan take, mai yin sa zai sake. Kina daka, rana ta take, goyo a baya, babban yana birgima a ƙasa. Kika ce allura, ya yi tsit, kika sami sa'ida. Wannan sa'idar ce ladanki, ita ke sa gobe kalmar ta fito daga bakinki tun ba ki yi tunani ba. Ban ce ba ki son ɗanki ba. Na san gajiyar da kike ciki, ni ma uwa ce. Amma shirun minti biyar kika saya da tsoron da zai bi shi shekaru.

Ga inda abin ke ƙona mini rai. Da damina masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na bi gida-gida, suna ba yara daga wata 3 zuwa wata 59. Ranar farko a gabansu ake sha, sauran kwana biyun uwa ce ke bayarwa. Maganin da ɗaci, ba na musu. To yaron da aka rene shi da tsoronmu, da ya ji sallamarsu sai ya shige ƙarƙashin gado ko ya tsere maƙwabta. In an kamo shi ya yi ta ihu yana furzarwa, uwa ta gaji ta ce a bar shi. Shi kuma ya ɗauki darasi: ihu na fid da shi. Wata mai zuwa ihun zai ninka. Skinner ya gano wani abu kuma, cewa ladan da ake samu wani lokaci a rasa wani lokaci shi ya fi sa hali ya kafu. Yau kin dage ya sha, gobe kin ƙyale shi don ya yi birgima, to kin koya masa ya ci gaba da gwadawa ko za a dace.

Manyan yara kuma ɓoyewa suke yi. Ɗan shekara bakwai ƙusa ta soke shi, ko kare ya cije shi, ko wuya na masa ciwo, ya yi gum don kada a kai shi wurin masu allura. Sai ƙafa ta kumbura ta yi ruwa sannan a sani. A jihar da ta ga sanƙarau a ƙarshen 2022 zuwa 2023, ta kuma ga mashaƙo a wajen Matamaye a 2023, yaron da ke ɓoye ciwon wuya ko ciwon kai abin tashin hankali ne. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ina amfanin ƙofa a buɗe in mun koya wa yaro gudunta?

Kuma ba iyaye mata kaɗai ba. Malam, kai ma ina jin ka a ƙofar gida. Iya, ke da jikokinki ke maƙale da ke, maganarki ta fi ta kowa shiga. Yayye ma sun ɗauka, suna bin ƙannensu da tsinke suna cewa ga allura, manya na dariya. Ku hana. Ba wasa ba ne.

Alhamdu lillahi, abin da aka koya ana iya warware shi. A 1924 Mary Cover Jones ta yi aiki da wani yaro ɗan kusan shekara uku mai tsoron zomo. Ba ta tilasta shi ba. Tana ba shi abincin da yake so, ana ajiye zomon can nesa, kullum a ɗan matso da shi, har ranar da yaron ya kai hannu ya shafa shi da kansa. Sannu a hankali, tare da abin da rai ke so. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2015 ta ba da shawarwari kan rage zafin allurar rigakafi, kuma ba ko ɗaya da ke buƙatar dala. Ga su a gurguje, haɗe da nawa:

Daga yau kalmar allura ta fita daga cikin faɗanki. In ya yi laifi hana shi fita wasa na ɗan lokaci, kada ki sa mu a ciki.

Jariri, ba shi nono ana gab da yi ko ana cikin yi. Rungume shi a jikinki, kada a danne shi a kan tebur.

Kada ki ce masa ba zafi. Ƙarya ce, zai gane, gobe ba zai yarda da ke ba. Ce masa zai ji kaɗan, yanzu zai wuce, kina nan tare da shi.

Ɗauke masa hankali da waƙa ko hira. Ke ma ki saki fuska, fuskarki yake karantawa.

Da ya haɗiye magani yaba shi nan take, ba sai dare ba. Dabino ɗaya ko tafi ya isa. Alewa ko dala biyar tsakiyar birgima kuwa a'a, birgimar kika biya.

Ban da toshe hanci da ɗure. Maganin na iya bi ta hanyar iska ya shaƙe shi.

In yaronki ya riga ya tsorata, zo da shi ranar awon ƙanensa, ya zauna nesa a cinyarki yana cin abinsa, mu gaisa kawai ba abin da za mu yi masa. Wadda kuma ta daina kawo ɗanta rigakafi saboda kukan da ya yi a wata shida da suka wuce, ta ɗauko karnensa, wato katin rigakafinsa, ta dawo. Ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya za mu ɗora, kuma ba wanda zai yi mata faɗa.